Takardar Dorina Daga Bahindi Zuwa Iyakar Dahome

Ƙarfe biyar da rabi na asubar Litinin muka tashi daga ƙauyenmu kusa da Bahindi, a damina ta farko bayan samun mulkin kai. Mu biyu ne: ni, malamin dagaci, da Baba Sarkin Ruwa, shugaban masuntanmu. Wata dorina ce ta dame mu, ta cinye fadamar shinkafa uku, saura babbar da gari ya dogara da ita. Aka ce yanzu ba a kashe dorina sai da izni.

Bagudo

Ƙarfe tara muka gaida Hakimi. Ya saurare mu, ya ce, "Ni ikona kan mutane ne. Naman daji na Ofishin Daji ne." Ya ba mu wasiƙa zuwa ga Di'o, babban jami'in mulki a Birnin Kebbi, mai sa hannu a takardun izni. Na yi mamaki ƙwarai, mai ƙasa guda ya faɗi iyakarsa da bakinsa.

Zagga

Talata muka ƙetare Kwara a kwale-kwale. Tun daga gida Baba ya haƙo sawun dorinar da lakarsa a cikin tasa, don shaida. Direban motar kayan da muka shiga ya leƙa tasar ya ce, "Tsoho, laka za ka kai birni? Can ba su da ita?"

"Kai dai tuƙa," in ji Baba. "Wagga ta fi ka daraja yau."

Mun kwana Bunza, muka ci tuwo da miyar kifi na sisi.

Birnin Kebbi

Laraba ƙarfe takwas muka shiga wurin Di'o, ɗan ƙasa ne, ba Bature ba. Ya buɗe littafin doka, ya bi layi da yatsa, ya ce, "In na sa hannu kafin Malamin Daji ya shaida ɓarna, kotu tana iya soke takardar, a kama Baba."

"Ranka shi daɗe, har kai ma akwai mai soke maka?"

"Har ni."

Malamin Daji ya auna sawun cikin tasa, ya rubuta shaida, sannan Di'o ya sa hannu. Dorina ɗaya, kwana talatin, cikin ƙasar Nijeriya kawai. Ban taɓa ganin aiki mai tsari irin wannan ba.

Lolo

Asabar muka iso gida, aka ce dorinar ta bi kogi ta yi sama. Muka bi ta kwana biyu a jirgi har Lolo. Ƙarfe huɗu na yamma muka hango ta a kan yashi, kusa ƙwarai. Baba ya ɗaga zagonsa, mashin dorina. Ɗan sandan iyaka da muka ɗauko a mashigi ya riƙe masa hannu.

"Baba, can Dahome ne. Takardarka ta ƙare a dutsen iyakar nan da muka wuce."

"Ita ta san da haka?"

"Ita babu ruwanta, kai ne ka sani."

Baba ya kwantar da zagon. Muka juya. Alhamis da azahar muka iso gida lafiya, mun gode wa Allah da duk wanda ya saukar da mu.

Yau saura kwana goma sha ɗaya takardar ta mutu, shinkafa kuma ba ta nuna ba. Don Allah, mai karatu, in kana bakin Kwara tsakanin Lolo da Bahindi ka ga dorinar nan ta dawo ɓangarenmu, kada ka taɓa ta. Ka aiko wa Baba Sarkin Ruwa a ranar.