Karan Baba Nababa

Duk ranar Alhamis bayan la'asar ƙungiyar taimakon kai da kai ta ƙauyenmu, nan bayan Dawakin Tofa, takan zauna a rumfar firamare. Mu ke yashe kwalbati, mu ke cike zaizayar hanya, mu ne kuma masu haƙa kabari. Na shiga ne bayan na dawo daga bautar ƙasa ban sami aiki ba.

Baba Nababa ya fi kowa daɗewa a cikinta. Manomi ne, ɗan tsamurmurin tsoho, ba ya son surutu. Aikinsa ɗaya: idan an yi rasuwa, shi ke shiga ya auna mamaci da karan dawa, ya datse shi daidai tsawonsa, ya kai wa masu haƙa. Tun kafin a haife ni yake wannan aiki, kuma an ce karansa bai taɓa gazawa ko wucewa ba. Shi ya sa a wurin taro ba mai son miƙewa tsaye kusa da shi, don idonsa kan tashi daga ƙafar mutum har kansa.

"Baba, sauke idonka, ban gama biki ba," Hadi shugabanmu yakan ce masa.

"Kai ai sai an haɗa kara biyu," in ji Baba. A yi dariya.

Wata Alhamis bayan girbi ya zo da kara a hannu, alhali ba a yi rasuwa ba. Ya jingina shi da bango. Kowa ya zuba wa karan ido. Da na tashi zan yi bayanin kwalbatin bakin kasuwa, sai ya ce, "Kamaruddeen, matsa nan." Ya tsayar da karan a kafaɗata, ya sa wuƙa ya datse abin da ya haura kaina.

"Baba, lafiyata ƙalau fa."

"Na ce ba ka da lafiya?"

Ya koma gida da karansa. Daga ranar, kowace Alhamis da shi yake zuwa, ya jingina shi a bayana. Mutane suka fara ja da baya daga tabarmar da nake. Na daina hawa babur. Ko tari na yi sai in tuna da karan. Inna ta ce in bar zuwa, amma na fi tsoron a zauna da karan ba na nan.

Ran nan na tare shi a gona. "Baba, don Allah karan nan na wane ne?"

Ya ci gaba da ɗaure daminsa. "Kana da saurin tambaya. Je ka, za a neme ka."

Da safiyar wata Alhamis aka neme ni. Baba Nababa ya rasu bayan ya idar da sallah. 'Yarsa Furera ta miƙo mini karan ta bayan ƙyaure, ta ce, "Ya ce kada a sake auna shi. Wannan za ka kai, kai da hannunka."

Na kai. Hadi ya shimfiɗa shi a ƙasa, aka haƙa daidai. Wani sanyi ya ratsa ni, na ce ashe nasa ne, da ni ya gwada kawai don yana ganin tsayinmu ɗaya.

Da aka sa Baba a kabarin, sai ga fili a wajen ƙafafunsa, ya fi tsawon tafin hannu. Hadi ya dubi filin, ya ɗago ya dube ni daga ƙafa har kai, ya kawar da fuska.

"Tsufa ne," in ji wani. "Ido ya gaji."

Aka karya karan, aka rufe Baba tare da shi.

Da la'asar muka zauna kamar kullum. Aka ce wa zai riƙa awo? Duk suka juyo wajena. Ban ce a'a ba, don ni na san ramin wa Baba ya shiga: daidai tsawona aka haƙa shi.

Yanzu ni ke yanka kara. In na miƙe zan yi magana a rumfa, kowa sai ya gyara zama, ba mai tashi sai na zauna.