Maginin da Ya Shafe Yashi a Bakin Teku

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Talata, 6 ga watan Mayu 2025, ana shirin sallar azahar, Suhail ya kira ni a waya ya ce mahaifinsa, Alhaji Bahago Magini na Ƙofar Jatau, ya rasu bayan jinyar mako biyu. Shekarunsa saba'in da ɗaya. Kafin la'asar ta yi sanyi mun kai shi makwancinsa.

Alhaji, na zauna in rubuta maka ta'aziyya cikin natsuwa kamar yadda ya kamata, amma ka hana ni. Duk inda na taɓo labarinka sai in ji jinina yana gudu, in sami kaina ina murmushi ni kaɗai. Saboda haka masu karatu su yi mini haƙuri, haka mutumin yake.

Kai maginin ƙasa ne, ɗan magini, jikan magini. Ba ka shigo wasan golf ta ƙofar da manyan ma'aikata suke shigowa ba. Aiki ne ya kawo ka. A filinmu na Zariya babu lallausar ciyawa a kewayen rami irin wadda ake gani a talabijin. Yashi ne ake kwaɓawa da baƙin mai a shimfiɗa, kuma kafin mutum ya tura ƙwallonsa cikin rami, an yarda ya ja faffaɗan ƙarfe ya shafe hanyarta. Wannan yashin aka kira ka ka gyara shekara talatin da biyu da suka wuce. Ka gama aikinka, ka tsaya kana kallona ina dukan ƙasa ina barin ƙwallo, ni malamin lissafi mai takardun digiri. Da abin ya ishe ka sai ka ce in ara maka sandar bugun. Bugunka na farko ya fi duk wanda na yi a wannan shekarar nisa, kuma har yau ban gama yafe maka ba.

Hannunka ba ya ganin wuri marar daidai ya ƙyale. Mun sha tsokanarka a kan haka. Ko tuwo aka ajiye maka sai ka shafe samansa kafin ka gutsura. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka kana zaga unguwa kana duba katangun gidajen da mazajensu suka rasu, inda ka ga tsaga ka yaɓe, inda indararo ya goce ka mai da shi, ka wuce ba ka ko jira ruwan sha ba. Soron gidana na Tukur-Tukur da injiniya ya ce a rushe, kai ka tsayar da shi, yana nan har gobe.

Buri ɗaya ka ɗauka a wasan nan. A bangon ɗakin hutawa na kulob akwai tsohuwar kalanda mai hoton wani fili a bakin teku, tsakanin tuddan rairayi, babu bishiya ko ɗaya. Shekarar kalandar ta wuce, ka hana a cire ta. Kana cewa can ne aka haifi wasan, kuma mutumin da ya yi rayuwarsa yana cuɗa yashi bai kamata ya mutu bai taka wancan ba. Muna dariya. 'Yarka Radiya, wadda ke aikin jinya a Sikotilan, ƙasar da filin yake, ita ba ta yi dariya ba. A watan Yunin 2023 ta aiko mana da takardun tafiya mu biyu, ta kuma sa sunanmu a gasar dattawa ta wani ƙaramin kulob a ƙauyen masunta. Mutum biyu ke raba ƙwallo ɗaya, wannan ya buga, wancan ya buga, waɗanda suka gama ramuka goma sha takwas da mafi ƙarancin bugu su ne suka ci.

Da muka shiga ɗakin kulob ɗin ka tsaya gaban wani dogon allon katako. An rubuta sunayen waɗanda suka taɓa cin gasar da ruwan zinariya, kowanne da garinsa. Ka sa na karanta maka su tun daga sama har ƙasa. Sannan ka ɗora yatsa a kan layin da ba a cike ba, ka ce, "Malam Zaharaddini, nan za a rubuta Zariya." Daga wannan lokacin ba mu da wata magana sai ita.

Ina ma mutanen Ƙofar Jatau sun gan ka da safiyar nan. Riga uku ka saka, ka ɗora hular sanyi a kan zanna-bukar ɗinka. Tuddan rairayi sun yi mana rumfa hagu da dama, doguwar ciyawa tana kaɗawa a kansu, teku yana ruri a bayansu. Iska kuwa ba ta da alƙibla, ta mare ka ta nan, ka juya ta mare ka ta can. Ni bugun farko na cilla ƙwallo sama yadda littafi ya koyar, iska ta ɗauke ta ta kai wa kifaye. Kai ka durƙusa ka danna ƙasa da tafin hannu, ka miƙe kana dariya, ka ce ai wannan ƙasar ranin Zariya ce aka lulluɓe da ciyawa. Ka buga ƙwallo ƙasa-ƙasa, ta bi ƙarƙashin iska tana gudu, ta hau tudu ta gangara, ta tsaya taku biyar daga tutar da ke nuna rami. Turawa biyun da aka haɗa mu da su, wani dogo tsohon masunci da wani gajere mai jan gemu, suka dubi juna.

Haka muka yi ta tafiya. Ni in jefa mu cikin ciyawa, kai ka fito da mu. A rami na tara ka koya mini in riƙe sanda a gajarce in daina kallon sama. A na sha uku ƙwallona ta shiga daga nisan taku ashirin, na manta shekaruna na yi tsalle, ka ce in bari kada Radiya ta koma jinyar ƙafata. Labari ya riga mu isa gaba, mutane suka fara fitowa suna tsayawa a kan tuddai suna kallon tsofaffi biyu daga Najeriya.

A bakin rami na ƙarshe mai kula da gasa ya gaya mana cewa in mun gama shi da bugu uku, mun ci. Ka yi na farko, ya tafi sambal. Ni na yi na biyu, na aika ƙwallo cikin wani ramin yashi mai zurfi a gefen tuta, irin wanda sai da tsani ake sauka. Ka sauka ka ɓace, ko hularka ba a gani. Sai ga yashi ya yi tsiri sama, ga ƙwallo ta fito, ta dira, ta gangara a hankali, ta faɗa ramin da ke gindin tuta. Wurin ya kaure da tafi. Radiya tana kuka, mai jan gemu ya rungume ni, ni kuwa ban san sanda na yi kabbara da ƙarfi ba.

Ka hawo tsanin a hankali, kai kaɗai ne ba ka murna. Ka kira mai kula da gasa, ka ce Radiya ta fassara masa.

"Gaya masa na shafe yashin bayan ƙwallon da hannuna kafin in buga. Sai da na gama na tuna ba a gida nake ba."

A can doka ta hana taɓa yashin, kuma hukuncin bugu biyu ne. Ukunmu ya koma biyar, muka zo na biyu da tazarar bugu ɗaya. Na ja ka gefe da Hausa ina huci, na ce ai babu mahaluƙin da ya gan ka, kuma ba da gangan ka yi ba.

"Malam," ka ce, "in suka rubuta Zariya a allon nan, ni zan san a kan me aka ɗora ta. Ban taɓa yin gini a kan tushen da na san yana da rami ba."

Na ji haushinka, Alhaji, haushi na gaske. Daga can har Kano a cikin jirgi ban ce maka uffan ba, kai kuwa kana ta ba ni labarin tuddan kamar ba tare muka taka su ba. Muka dawo muka ci gaba da wasanmu na kowace Asabar. Ka ba da labarin bugun nan ya fi sau ɗari, kana kwatanta yadda yashi ya tashi, kuma kullum da bakinka kake ƙarasawa da bugu biyun. Ni kuwa in an zo wurin sai in kau da kai. Tun kafin shekara ta zagayo na san kai ne da gaskiya. Girman kai ya hana ni faɗa, ina cewa sai wata Asabar.

Ranar Talata, da aka gama mai da ƙasa aka yayyafa ruwa, na ga gefe ɗaya na kabarin ya fi ɗaya tudu. Na san da kana tsaye ba za ka ƙyale ba. Na durƙusa na sa tafin hannu na shafe shi har ya daidaita, sannan na faɗa maka abin da na riƙe shekara biyu: ka yi daidai, Bahago, kuma ban taɓa ganin bugun da ya kai na cikin ramin nan kyau ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Hajiya Hajo, da Suhail, da Radiya wadda ta kai mahaifinta bakin teku, da jikoki, da maginan Ƙofar Jatau, da abokan wasanmu na Asabar. Allah Ya ba mu haƙurin rashi. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya yalwata maka makwanci Ya haskaka shi. Sunanka bai hau allon katako ba, Allah Ya rubuta shi cikin na masu gaskiya. Amin.

Zaharaddini Jumare
Tukur-Tukur, Zariya