Sunan da na raɗa wa kwamfutata

Jama'a, yau saura kaɗan a kore ni daga kolej a gaban insifekta!

Kun san 'yar ƙaramar kwamfutar nan tawa mai girman kwalin ashana? Direkta ya ce in shirya ta, ta koma kamar kile USB, wato filash, mu zuba darussa. Cikin Linux abu ne mai sauƙi. Ka buɗe wasu jakunkuna, ka rubuta a wani fayil sunan da za ta nuna in anka soka ta a babbar kwamfuta.

Direkta taubashina ne, ɗan kawuna. Wajen gwaji sai na rubuta "Direkta Sarkin Barci". Na ce zan goge. Na mance!

Yau insifekta ya zo daga Tilaberi. Malamai duk sun zamna, majigi na haska bango. Direkta ya soka ta a kwamfutar majigin da hannunai.

Tiriɗim! Ga suna a bango, manyan baƙaƙe!

Madam Hadiza mai koyar da lissafi ta rufe baki da mayafi.

Direkta ya ce, "Wa ya yi wanga aiki?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, yanzu zan gyara."

Insifekta ya ɗaga hannu. "Dakata! Tun Baleyara muke mota guda da Direkta, bai farka ba sai nan Filinge. Kada ka taɓa, injin nan ba ya ƙarya!"

Wallahi har Direkta sai da ya yi hawaye don dariya!