Bangon Shagon Tela

Shekara goma sha tara ke nan matar tela tana share ofis ɗaya. Kafin ma'aikata su iso ta ɗebi ruwa a bokiti, ta bi tebur bayan tebur, ta goge tagogi, ta zubar da shara. Hannunta ya haddace aikin. Ko hankalinta na wani wuri, tsumma ya san hanya. Tun da mijinta ya rasu wata bakwai da suka wuce kuwa, hankalin ba ya ko'ina. Tana ci, tana wanka, tana amsa gaisuwa. Mutane na yaba haƙurinta. Ita ta san ba haƙuri ba ne, ba ta jin komai ne kawai.

'Yarsu ɗaya, shekararta goma sha biyar. Uban ne ya laƙaba mata Tsohuwa, don tun tana ƙarama ba ta da tambaya sai ta abin da ya wuce: wa ya gina wancan gidan, me ke wurin nan kafin a yi titi. Shi ke amsa mata, ƙafa a kan keken ɗinki, allura a baki. Da ya tafi, tambayoyin suka bi shi. Yarinya ta shige ɗaki da littattafai. Hirarsu da uwar ba ta wuce "Kin ci?" "Na ci."

Ranar da aka ba da hutu, malamar tarihi ta tsayar da uwar a barandar makaranta.

"Mama, 'yarki ta wuce littafin ajinmu, amma karatun ya zame mata maɓoya. Ki samo mata abin da za ta taɓa da hannunta. Tsohon abu, kowane iri ne."

"To, Malama."

Ta nema kamar wadda aka aika. A gidan adana kayan tarihi mai gadi ya ce kallo kawai ake yi, ta gilashi. Mai kula da ɗakin fayil na ofishinsu ya yi dariya ya ce, "Ni da ƙurar nan ta gama da ƙirjina, ki ƙaro mini 'yar mutane?" Ta koma gida ba ta faɗa wa kowa ba, don babu wanda ya tambaya.

Ana nan sai mai shagon da mijinta ya yi aiki a ciki ya aiko: an sami sabon mai shiga, a kawo makulli ranar Asabar, za a yi fenti.

Tela bai taɓa riƙe littafin awo ba. A bango yake rubutawa da fensir, a tsaye, tef a wuya. Ba ya sa sunan kowa, sai yadda ya san mutum: Direban asibiti, Mai tari, Ango na biyu. A ƙasa kafaɗa, hannu, ƙugu, tsawo. In mutum ya ƙara jiki ko ya rame, sai ya ja layi ya rubuta sabon awo da shekara. Shekara ashirin da shida, bango biyu cike.

Ranar Juma'a da la'asar ta je da bokiti da soso, domin a wurinta ba a miƙa ɗaki da datti. Ta bar wa Tsohuwa saƙo ta biyo ta da ƙarin sabulu. Keke da tebur duk an kwashe. Ta fara daga bakin ƙofa, daga sama zuwa ƙasa, yadda take yi a ofis. Ba ta karanta komai ba. Har ta kai taga.

"Umma! Me kike yi?"

Rabon da ta ji muryar yarinyar da ƙarfi haka, tun ranar rasuwa. Ta juyo, soso na ɗiga.

"Datti nake gogewa."

"Hannun Baba ne fa."

Ta dubi bangon da ya yi fes, ta dubi ruwan bokiti da ya koma ruwan toka. Ta jira ta ji wani abu ya motsa a ƙirjinta. Shiru.

Tsohuwa ta ajiye sabulu a ƙasa, ta zaro littafi daga jaka, ta tsaya gaban bangon da ya rage ta fara kwafa. Ta daɗe ba ta waiwayo ba. Can ta ce, "Wane ne Mai tari?"

Uwar ta sani. Kullum in ta tashi daga ofis nan take kawo wa tela abincin rana, ta zauna a benci har ya gama.

"Wani mai gawayi ne. Babanki ya ce tarinsa ne ke fara yin sallama."

"Me ya sa awonsa ke raguwa?"

"Ciwo. Rigarsa ta ƙarshe bai zo karɓa ba."

Yarinya ta rubuta. "Ango na biyu fa?"

"Aurensa na farko amarya ta fasa ana saura kwana uku. Da ya dawo, Babanki ya ce masa, ‘Wannan karon sai na ga an ɗaura zan sa maɓalli.'"

Wani ɗan sauti ya fita ta hancin Tsohuwa, mai kama da dariya. Sai ta juya ga bangon da aka wanke.

"Su wa ke can?"

"Da yawa." Uwar ta nuna ƙasa, kusa da ƙofa. "Ke ma kina nan. Tun kayan makarantarki na farko, duk shekara."

"Nawa ne kafaɗata a lokacin?"

"Ban sani ba. Mutanen kawai zan iya tunawa. Lambobin sun tafi."

Tsohuwa ta kalli wurin, har yanzu da damshi. Ta goge hanci da bayan hannu, ta buɗe sabon shafi.

"To fara daga sama."

Matar tela ta fita ta zubar da ruwan a kwata, ta dawo ta kife bokitin ta zauna a kai. Ta ɗaga kai ta dubi kusurwar da sosonta ya fara taɓawa.

"Akwai wani dogo, mai gyaran famfo," ta ce. "Rubuta."