Miyar Santsi ta Inna Gye-sun

Duk wanda ya yi karatu a jami'ar garinmu Sollae, in bai ci shinkafar Eom Gye-sun ba, to ya shaƙi ƙamshinta ta kan katanga. Gidanta na bayan ƙaramar ƙofar jami'ar, inda hanya ke gangarawa garken shanun makaranta. Ɗakuna bakwai ne, da dogon tebur ɗaya, da tukunyar da in yaro ya shiga sai ka leƙa kafin ka gan shi. Fiye da shekara talatin ke nan tana saukar ɗalibai, tana ciyar da su safe da yamma. Inna suke kiranta, har waɗanda yanzu furfura ta cinye musu kai.

Daga wani ƙauyen bakin teku aka kawo ta aure. Mijinta, Tak Man-bok, shi ke kula da shanun jami'a, mutumin kirki, sai dai abin da yake gaya wa saniya a yini ya fi abin da yake gaya wa matarsa a wata. Da ya rasu ya bar ta da ɗa ɗaya, Yong-pal, da gida mai yoyo. Ta yi kukanta na kwana arba'in da tara kamar yadda al'adarmu take, ta share ido, ta kira kafinta ya tsattsaga gidan ɗaki-ɗaki. Tun daga ranar ba ta sake bin gangaren garke ba. Ba ta wuce aji uku a makaranta ba, amma daga yadda ɗalibi ke riƙe cokali ta san ko ya yi karatu ko yawo ya yi.

Doka ɗaya gare ta. Daga ranar da sanyi ya fara cizon kunne har jarrabawa ta ƙare, ba a dafa miyar miyok a gidanta. Ganyen teku ne mai santsi, wanda ya sha shi ranar jarrabawa zamewa zai yi, ko jariri ya san wannan. Mu nan ai ba a cewa yaro ya ci jarrabawa, cewa ake ya manne, shi ya sa ake ɗura musu alewa mai danƙo. Miyok kuwa miyar masu jego ce, da ta ranar da mutum ya ƙara shekara. An taɓa yin ɗalibin da ranar haihuwarsa ta faɗo tsakiyar jarrabawa, ya marairaice yana roƙo.

"Je ka tuhumi uwarka da ta haife ka ba ta duba kalanda ba," in ji Gye-sun. Sai bayan kwana goma ta dafa masa, ta cika masa kwano da nama.

Jikarta Da-som tana 'yar shekara huɗu uwarta ta rasu. Uban, Yong-pal, mai walda a wurin ƙera jiragen ruwa can kudu, ya kawo ta ya ajiye da jakar kaya ɗaya, ya koma bakin aiki. A ƙarƙashin dogon teburin nan yarinyar ta girma, tsakanin ƙafafun ɗalibai, su suka koya mata karatu tun kafin ta shiga makaranta. Da ta tasa, in an tashi daga makaranta ba gida take yi ba, garke take gangarawa, ta dawo da yamma tana warin kashin shanu.

"'Yar kwikwiyata, tsaya nan waje, kada ki shigo mini da warin kakanki cikin ɗakin girki!" Haka Gye-sun ke tarbarta da sunan lelen da ta sa mata, da bokitin ruwan zafi a hannu.

Shekarar da Da-som ta gama sakandare, wurare biyu suka kira ta ganawa. Ɗaya wata jami'a a Seoul, sashen harkar kasuwanci, irin wadda in yaro ya shiga ake rataya ƙyalle mai sunansa a bakin gari. Ɗayar kuwa ga ta nan bayan katanga, sashen kiwon dabbobi. Ta Seoul ranar Asabar, ta Sollae Asabar ta gaba.

Gye-sun ba ta ga abin zaɓi a nan ba. Shekara talatin da huɗu tana zuba shinkafa tana jin sababbin ɗalibai suna ce wa juna, "Ni fa daga Seoul na zamo na faɗo nan." Ta san fuskarsu a watan farko, kamar waɗanda mota ta tafi ta bari a tasha. Daga baya sukan ware, wasu ma da kuka suke barin garin, amma wannan kalma ta zamewa ta zauna mata a ƙirji. Jikarta ba za ta zama wadda aka bari a tasha ba.

Ranar da matan layi suka taru a tsakar gidanta tsuma kabeji da barkono don ajiyar lokacin sanyi, aka yi maganar da ta hana ta sukuni. Bang Ok-bun ce ta yi ta, mai gidan saukar ɗalibai na tsallaken hanya, wadda ƙyallen jikanta ya shekara uku a bakin gari har rana ta cinye rubutun ba ta bari an sauke ba.

"Kakar Da-som, ni dai tausayinki nake ji," in ji ta, hannunta jajir da barkono. "Yarinya mai kai kamar wannan, amma ba inda za ta."

"Wa ya gaya miki? Ko ke ce shugabar jami'ar?"

"Ido gare ni. Kullum ita ke ɗaukar miki buhun shinkafa, ita ke shafa miki magani. Wannan gwiwar taki ita za ta ɗaure ta a garin nan, ki rubuta ki ajiye. Au, na manta, ba kya rubutu."

"Ke da kike rubutu, rubuta yawan gishirin da ake sa wa miya, ɗalibanki su huta da tsallako mini."

Mata suka kwashe da dariya, Gye-sun ma ta yi. Amma maganar ta shige ta. Ta dubi gwiwar, kumburarriya kamar kabewa, ta ce a ranta: ashe ke ce.

Asabar ta farko ta sallami yarinyar da alewa mai danƙo har ƙulli uku, da wainar shinkafa mai kama haƙori, ta raka ta tasha tana ɗingishi, tana ta jaddada mata ta gaishe da malaman da kyau, kada ta yi musu maganar shanu.

Asabar ta biyu, ɗalibai suka fito karin kumallo, suka zauna, Gye-sun ta buɗe tukunya. Kowa ya zaro ido. Wani ma cokalinsa ya faɗi. Miyok ce, baƙa-ƙirin, tana ƙyalli da man riɗi, a watan da ko sunanta ba a ambata a gidan. Ta zuba wa kowa miyar waken jiya, ta cika kwano ɗaya da miyok, ta dire gaban jikarta, ba ta yarda sun haɗa ido ba.

Da-som ta dubi kwanon, ta dubi kakarta.

"Kaka, yau wa ya haihu?"

"Ba wanda ya haihu. Sha'awarta na yi."

"Sha'awarta kika yi, shi ne kika zuba mini ke ba ki zuba ba?"

"Za ki sha ko sai kin gama shari'a? Lokaci na tafiya."

Yarinyar ta ɗauki cokali. Ta juye shinkafarta a ciki, ta sha, ta ɗaga kwanon ta shanye romon, ta miƙa a ƙara mata. Wannan miya ta santsi aka dafa ta, sai ga shi ta koma ta santi.

"Kai, Kaka, hannunki daban ne. Wadda na sha a tashar Seoul ranar Asabar ruwa ce tsululu, ko nama babu."

Gye-sun ta tsaya da ludayi a sama.

"Wace kika sha a ina?"

"A tasha, kafin in shiga ganawa. Kwano biyu."

"Alewar da na ba ki fa?"

"Na ba direba."

Ɗaliban da suka ga abin sun ce dukan da ta ɗaka wa yarinyar a gadon baya har tsallaken hanya an ji shi. "Ja'ira! Marar mutunci! Ni ina can ina roƙon ki manne, ke kina can kina shan santsi!" Da-som ta suri jakarta ta fice tana dariya, tana sosa baya, ta bi ta ƙaramar ƙofa.

To, miyar dai ba ta yi wa kowa aiki ba. Da sakamako ya fito tsakiyar Disamba, yarinya ta manne nan, ta manne can. Kwana uku aka ba ta ta yi rajista a ɗaya, ɗayar ta tafi ke nan. Yong-pal ya bugo waya daga kudu yana ihu a kan ƙarar ƙarafa, Seoul, Seoul, ba wata magana. Mai unguwa ya zo tambayar yadda ake rubuta sunan a ƙyalle. Da-som ta ɗauki buhun shinkafa ta kai ɗakin girki.

Gye-sun ta ga buhun nan, ta yanke shawara. Kashegari da rana ta zaunar da ita.

"Na gaji. Rufe gidan nan zan yi, in koma wurin ubanki, ga teku, ga asibitin ƙashi. Kin ga ba ki da kowa a Sollae ke nan. Sai ki tattara ki tafi inda mutane suke."

"Allah ya kiyaye hanya, Kaka. Ai ya kamata ki huta."

"Ke kuma fa?"

"Sai in kama ɗaki wurin Kaka Ok-bun."

"Wurin wa? Matar da ke wanke ƙashi ɗaya sau uku ta kira shi romo? A nan za ki zauna, jikata, mutane suna gani?"

"To ya zan yi? Nan ne kusa da garke."

Ta tashi ta sa takalman roba ta fita. Gye-sun ta zauna tana huci. Wayo ne, in ji ta a ranta, yarinyar nan ta gane ƙarya nake, tana so ta nuna mini ba don ni ba ne. Ai ni na raine ta. Ta ɗauki sandarta. Shekara talatin da huɗu ba ta taka gangaren nan ba, ranar ta taka shi, tana tafe tana tsine wa gwiwa da duk wanda ya ƙirƙiro tudu.

Garken ya sake, an yi rufin ƙarfe, an sa fanka, amma warin na nan yadda ta bar shi. Can ciki ta hango Da-som durƙushe gaban wani ɗan maraƙi da ya ƙi shan nono. Ta tsoma yatsu biyu a bokitin madara ta sa masa a baki, tana jan kansa ƙasa a hankali, tana yi masa magana ƙasa-ƙasa. "Haba ɗan saurayi, wa ya ɓata maka rai? Sha kaɗan don ni. Yauwa. Ka ga, ashe kai jarumi ne." Maraƙi ya tunkuɗe bokiti, ta ɗauko wani, ta sake daga farko.

Gye-sun ta tsaya a bakin ƙofa, tana jiran a waiwayo a ce, Kaka, me ya fito da ke da wannan ƙafar? Ta gyara tsayuwa. Ta yi tari. Ta buga sanda a ƙasa. Saniyar da ke kusa ta waiwayo, yarinya ba ta waiwayo ba. Ta yi tsayuwar da ta isa a dafa shinkafa a sauke, gwiwa na zuginta har cikin kunne, jikar da aka ce gwiwar nan ta ɗaure ba ta ma san da ita a wurin ba. Haka Man-bok yake yi mata in ta kawo masa abincin rana, ta tsaya har miya ta huce yana lallashin saniya. A da haushi abin ke ba ta. Ranar kuwa sai ta ji wani abu ya sauka daga ƙirjinta. Ta goge ido da bakin gyale, ta ce warin ne, ta juya ta hau tudunta ita kaɗai.

Da yamma Da-som ta dawo ta tarar da bokitin ruwan zafi a ƙofa.

"Wanke kakanki kafin ki shigo. Gobe ki je ki yi rajistar shanunki. Ɗaki na bakwai naki ne, kuma dokar gida ta hau kanki kamar kowa."

"Ba kin ce rufe gida za ki yi ba?"

"In rufe in bar wa Ok-bun yaran mutane ta kashe su da yunwa?"

Ita ta kira Yong-pal da kanta. Abin da ta gaya masa ba mai maimaituwa ba ne, amma bai sake cewa Seoul ba. Sannan ta aika wa mai unguwa cewa ƙyalle fa sai an rataya. Ya ce ba a taɓa rataya wa wanda zai yi tafiyar taku ɗari uku ba. Ta ce to a fara. Aka rataya shi dab da koɗaɗɗen na jikan Ok-bun, da manyan baƙaƙe: jikar Tak Man-bok mai shanu ta manne a Sollae. Ok-bun ta tsaya ƙarƙashinsa ta ce wannan ai abin dariya ne. Gye-sun ta ce ta yi dariyarta, nata dai ana iya karanta shi.

Yanzu Da-som na shekara ta uku, har yau da warin garke take dawowa. Buhun shinkafa kuwa an hana ta taɓawa, ɗaliban ɗaki na biyu ke ɗauka. Dokar miyok na nan daram. Bara wani sabon ɗalibi mai kaifin baki ya ce, "Inna, ai an ce jikarki ta sha sau biyu kuma ta manne sau biyu."

Gye-sun ta dube shi, ta dubi yadda ya riƙe cokali.

"Ita ta yi karatu. Kai ci alewarka."