Alhaji Waliu Mai Take Bayan Takalmi

Alhaji Waliu Adebisi mutumin Fagge ne, a nan aka haife shi, a nan aka binne mahaifinsa. Kakansa ne ya zo daga Ogbomosho da fataucin goro, ya zauna bai koma ba. A gida da Yarbanci suke magana shi da matarsa Hajiya Kafayat, amma in ya fito waje Hausarsa ta Kanawa ce zalla, har da baƙar maganar. Rumfarsa tana Kasuwar Singa, yana sayar da taliya da tumatirin gwangwani a kan sari. Shekararsa hamsin da tara. Gajere ne, mai faɗin ƙirji, mai saurin baki, kuma Allah bai ba shi haƙurin jiran komai ba. Ko shayi aka haɗa masa, a tsaye yake sha.

'Yan layinsu kuwa da gudu suka fi saninsa. Yana da shekara arba'in likita ya auna shi ya ce jininsa ya fara hawa, lallai ya riƙa motsa jiki. Da wani ne, da tattaki zai fara a hankali. Waliu washegari ya sayo kambas ya ɗiba a guje, mutane suna leƙowa su ga wa ya biyo shi. Da zafi ya shigo ya gane Kano ba garin gudu ba ce a watan Afrilu, sai ya mayar da abin na lokacin sanyi: daga Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu, kullum da an idar da sallar Asuba, ban da Lahadi.

Lahadin saboda Edward aka cire ta, don ranar cocinsa ce. Edward Dauda ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mutumin Wusasa ta Zariya, yana zaune a Sabon Gari, dogo siriri marar hayaniya. A sanyin farko suka haɗu a Titin Ibrahim Taiwo, kowa da gudunsa. Kwana uku suna gamuwa ba mai ce wa wani kanzil, a na huɗu Waliu ya ce, "Malam, tunda hanyarmu ɗaya, ka daina yi mini kallon baƙo." Shi ke nan. Tun daga ranar Edward yake tasowa daga Sabon Gari ya tsaya a tsallaken masallacin layin su Waliu, hular sanyi har kunne, hannu a hammata, ya jira a sallame. Su bi ta gefen Singa tun ba a buɗe rumfuna ba, su hau Ibrahim Taiwo, su yi zagayensu, su dangana da bakin Tashar Jirgi. A nan su sha shayi, kowa ya kama gabansa. Ba su cika hira ba. A shekara goma sha tara, sau biyu Waliu ya taka gidan Edward, ɗaya ranar suna, ɗaya ta'aziyya.

To a sanyin bana abu biyu suka haɗu. Edward ya yi ritaya, ya ce Asabar ɗin ƙarshe ta Janairu zai kwashe iyalinsa ya koma Wusasa. Waliu ya ce Allah ya sa alheri, bai ƙara ba, amma a ransa ya ƙudura cewa ranar sai sun yi gudunsu cikakke, daga ƙofar masallaci har bakin tasha, kafin motar kaya ta zo. Abu na biyu shi ne agararsa ta dama, wannan jijiyar da ke bayan ƙafa sama da dunduniya, ta fara ciwo tun farkon Disamba.

Da fari ya yi biris da ita. In ya sauko daga gado sai ya ji kamar an ɗaure wurin da waya, in ya ɗan taka ta saki, in ya dawo daga gudu ta kumbura. Ya shafa man zafi har ɗakin ba ya shaƙuwa. Ya kai wa wani mai ɗori, aka murza shi yana salati, aka ce ba karaya ba targaɗe. Ya ce to sanyi ne ya shige shi, ya koma sa safa biyu. Duk wannan bai fasa fita ko rana ɗaya ba.

"Baban Fathia," in ji Kafayat, "kai ba soja ba, ba ɗan ƙwallo ba. Ƙafar nan ita kaɗai ce fa, ba a sayar da wata a Singa."

Ya yi kunnen ƙashi har makon farko na Janairu, ranar da ya kasa hawa matakalar gidansa sai da dafa bango. Likitar da ta duba shi a asibiti ba ta ja magana ba. Ta ce agarar ta ji jiki, a hutar da ita mako shida, ba gudu, kuma ya nemi takalmi mai taushin ƙasa da tauri a baya, wanda zai riƙe dunduniya kada ta riƙa yawo. Waliu ya duba kalandar bango. Saura mako uku Edward ya tafi. Ya ce mata ya ji, ya fito yana ta ƙunƙuni.

Edward ya zo masa sannu a rumfa, ya zauna a kan katan ɗin taliya.

"Alhaji, ranar mu tafi a ƙasa kawai. Tafiyar ma ai rakiya ce."

"Tafiya? Ni da kai, kamar masu zuwa gaisuwar mutuwa? Haba, Malam Edward. Da gudu muka fara, da gudu za mu ƙare."

Washegari ya sa tsohon kambas ɗinsa a leda ya nufi kasuwar Sabon Gari, wajen Chidiebere mai takalman gwanjo. Chidiebere haifaffen Sabon Gari ne, ya kai shekara talatin yana fasa dilar takalma, kuma ba ya miƙa wa mutum takalmi sai ya ga wanda ya cire. Ya juya kambas ɗin Waliu, ya duba ƙasansa, sannan ya taɓa bayansa da yatsa ɗaya. Bayan ya kwanta laƙwas kamar kunnen akuya.

"Alhaji, wa ya yi wa takalmin nan haka?"

"Wa kuwa? Tsufa ya yi."

"Ba tsufa ba ne. Da shi kake zuwa masallaci, ko?"

Gaskiyar Chidiebere. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar masallaci bayan sallama ya san yadda abin yake. Jama'a na fitowa, na baya na turo na gaba, ba mai samun sararin durƙusawa ya kwance igiya. Mutum ya zura ƙafa, ya take bayan takalmin, ya ja shi gefe kamar silifas. Je ka duba takalman da ke zube a bakin kowane masallaci a Fagge, mai tsada da mai araha, da wuya ka ga biyar masu baya a tsaye. Waliu haka ya tashi ya ga mahaifinsa yana yi. Kowace asuba sai ya take bayan kambas ɗinsa ya tsallaka titi wurin Edward, sannan ya sa yatsa ya ɗago bayan, ya kama gudu. Kambas nawa ya kashe a haka, bai taɓa kawo komai a ransa ba.

"Akwai wani abu mai tauri a cikin bayan nan," in ji Chidiebere, "shi ne yake riƙe maka dunduniya. In ka take shi ya karye, ko ka ɗago shi da yatsa aikin banza ne, ƙafarka rawa take yi a ciki. Da kana yaro jiki ya shanye. Yanzu ya ce ya gaji."

Ya sa aka zauna, ya yi ta fito da takalma. Wani ya ce ƙasansa ya cinye gefe ɗaya, tafiyar mai shi na farko ce a jikinsa, ba ta Alhaji ba. Wani ya yi kyau a ido amma ya lanƙwashe a tsakiya kamar burodi. Waliu ya so wani ja mai ƙyalli, Chidiebere ya ƙwace ya mayar. A ƙarshe aka tsaya a kan wani ruwan toka, mummuna, mai kaurin ƙasa, bayansa tsaye ƙyam. Waliu ya sa shi ya taka, sai ya ji kamar an riƙe masa ƙafa da hannu biyu.

"Na roƙe ka, Alhaji, ka zauna ka kwance igiya, ka zauna ka ɗaure. In ba za ka iya ba, ka je masallaci da silifas."

Kafayat ma haka ta ce. Amma Waliu ya san kansa: in ya koma gida canza takalmi ya ji ɗumin ɗaki, an gama. Kuma ɗan kasuwa kamarsa ba zai shiga sahu rungume da leda ba. Sai ya zaɓi koyon zama. Mako uku bai yi gudu ba, wannan kam a yaba masa. Kullum asuba ya sa sabon takalmin, in an sallame ya ɗauke shi a hannu ya koma kan dakalin ladan, ya zauna ya ɗaure igiya a tsanake, tsofaffin layin suna tsokanarsa wai Alhaji ya koma firamare. Kumburin ya saɓe. Ciwon ya ragu har ya fara cewa likitoci ma dai akwai tsoratarwa.

Asabar ɗin ta zo da sanyi mai shiga ƙashi. Liman ya ja sura mai tsawo, bayan sallama kuma wani ya tashi da sanarwar ɗaurin aure. Waliu yana zaune kamar a kan ƙaya. Ta ƙofa yana hango Edward a tsallake, yana ɗan tsalle-tsalle don jin ɗumi, ga shi ƙarfe goma motar kaya za ta zo. Ana shafa fatiha ya miƙe cikin turmutsutsun masu fita, ya zura ƙafa, ya taka.

Sai da ya kai tsakiyar titi ya ji abin da ya yi. Bayan takalmin dama yana kwance a ƙarƙashin dunduniyarsa, na hagu ma haka. Ba wanda ya tura shi, ba wanda ya sa shi. Ƙafar ce kawai ta yi abin da ta saba.

"Innalillahi," ya ce a hankali. Ya durƙusa ya ɗago bayan da yatsa. Bayan ya tsaya, amma ya karye a tsakiya, ya yi wani ƙoƙo zuwa ciki daidai inda agarar take.

"Lafiya, Alhaji?" in ji Edward.

"Lafiya ƙalau. Mu je."

Suka wuce Singa lafiya. Suka hau Ibrahim Taiwo, titi fayau, sai masu shara da 'yan a-daidaita-sahu ɗaya-ɗaya. Karyayyen bayan yana gurzar wurin a kowane taku, dunduniyar na zamewa. Ya cije. Ko rabin hanya ba su yi ba ya ji kamar an caka masa ƙusa mai zafi, ƙafar ta ƙi ɗaukarsa. Ya dafa sandar fitila, ya zame ya zauna a bakin kwalbati. Takaici ya kama shi har idonsa ya kawo ruwa, kuma ba na ciwon ba ne.

Edward ya tsaya a kansa yana haki.

"Bari in tsayar da a-daidaita."

"A'a. Je ka ƙarasa. Ko mutum ɗaya a cikinmu ya kai tashar nan yau. Je ka, don Allah, kada ka tsaya mini a ka."

Edward ya dube shi, ya juya, ya ci gaba da sassarfa. Waliu ya bi shi da kallo. Sai a lokacin ya tuna cewa a duk shekarun nan shi ne kullum a gaba, takun Edward kawai yake ji a bayansa. Bai taɓa ganin yadda mutumin yake gudu ba. Yanzu ga shi yana gani: ƙafar hagu ba ta lanƙwasuwa, jefa ta yake yi gefe yana janyowa, kafaɗarsa na faɗawa a kowane taku. Wannan ba ɗingishin yau ba ne. Jikin gaba ɗaya ya riga ya karkace ya saba da shi. A haka ya yi ta tafiya har kwana ta ɓoye shi.

Gari ya waye sosai kafin Edward ya dawo a cikin a-daidaita-sahu, da shayi a leda biyu. Ya zauna a gefen Waliu a bakin kwalbatin, ya miƙe ƙafar hagun da hannu.

"Gwiwar nan, tun yaushe?" in ji Waliu.

"Za a yi shekara bakwai. An ce in daina tun lokacin."

"Shekara bakwai! Malam Edward, ba ka taɓa faɗa mini ba."

"Ai ba ka taɓa waiwayowa ba, Alhaji."

Ba da gori ya faɗa ba, yana ƙoƙarin huda ledar shayinsa ne da haƙori. Kunya ta rufe Waliu. Suka shanye shayin a zaune. Edward ya kama shi ya sa shi a a-daidaitan, ya raka shi har ƙofar gida, sannan ya wuce Sabon Gari ɗaure kaya.