Tukunyar Malam Mai Albasa

Ranar da na fara ganinsa durƙusawa na yi, na ce ya sa ni a addu'a. Ga rawani ƙato, ga gemu har ƙirji, ni kuwa karatuna bai wuce na salla ba, me zan ɗauka in ba shehi ba? Ya yi dariya har da riƙe ƙofar mota. 'Yan uwana 'yan dako suka ce, "Kai tsoho, tashi! Ba Musulmi ba ne, Sikh ake ce musu." Tun daga nan Malam nake kiransa, shi kuma ya ce mini Hajji.

Direba ne, yana ɗauko albasa daga Jidda. Da yake ba shi da damar shiga Makka, sai ya tsaya kafin iyakar harami, mu juye kayan a motar da za ta kai unguwar Rusaifa a cikin Makka. Kafin mu gama ya gasa gurasa a gindin mota, kuma ba ya ci shi kaɗai. Ya ce a ɗakin ibadarsu kowa ya zo zama yake a ƙasa a ba shi abinci, ba a tambayar addininsa. Can ƙasarsu, inda ba su da yawa, yayansa ne ke kan tukunya. Wannan babin na addininsu kam na haddace shi.

Wata safiya na tarar bai kunna wuta ba. Ashe can ƙasarsu 'yan bindiga sun shiga ɗakin ibadar tasu ana tsakar taro, sun harbe yayansa a bakin murhu. Da guntun Larabcinmu ya ce, "Hajji, da kabbarar da kake yi in za ka ɗaga buhu suka shiga."

 Na juya na ci gaba da dakona. Na ce a raina shi ke nan, ba zai ƙara miƙo mini gurasa ba.

Da ya sake kawo albasa, sai ga shi da tukunya cike da wata alawa ta fulawa da man shanu, wadda suke rabawa bayan addu'arsu.

"Yayana bai taɓa dafa na mutum ɗaya ba," in ji shi. "Nan ba ni da kowa. Ka shigar mini da ita Makka, ka raba."

Na rungume ta a cinya har Rusaifa. Na zauna a ƙasa bakin kasuwa ina zuba wa duk wanda ya miƙo hannu. Wata Basakkwaciya mai sayar da goro ta ce, "Baba, sadakar wa?" Na ce ta wani mai ciyar da mutane ce, an kashe shi a wurin ibada. Ta ce Allah ya isa, ta share ido da gefen mayafi.

Na mayar masa da tukunyar a wanke. Ya leƙa cikinta, ya daɗe, sannan ya kunna wuta. Ya gutsuro gurasa ya miƙo mini. Shi bai ci ba.